Na dasa sun mutu, na yi magana an ce boko ya taɓa ni: in haƙura ne?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamar makaranta ce a nan Yamai, da ƴaƴa biyu, muna zaune a gidan haya. Tun ambaliyar 2024 hankalina ya tashi a kan maganar muhalli. Kullum dare ina kan waya ina kallon yadda duniya ke ɗumama, har barci ya fara gagarata. Na ɗauki alkawarin barin leda da gawayi, da dasa itatuwa. Ranar 3 ga Agusta na dasa uku a ƙofar gida. Kafin sanyi ya shigo awaki sun cinye biyu, na ukun ya bushe. In gas ya yanke ko kuɗi suka ƙare, gawayi nake komawa. Ruwan leda nake sha a makaranta. Da layya na yi wa maigidana magana a kan tulin itacen da ya sayo na gashi, muka yi kwanaki ba ma shiri. Uwar mijina, wadda ta zo daga wajen Keita take zaune da mu, da leda take hura wuta. Na yi mata bayani, ta ce boko ya taɓa ni, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ƴaƴana ba su san gawo ba, ba su san aduwa ba, ni kaina da ƙyar. Ji nake kamar munafuka ce ni, ina koya wa ɗalibai abin da na kasa. In bar maganar gaba ɗaya in huta, ko yaya? Daga ƴarki, Uwar Biyu.

Wa'alaikumus salam, ƴata. Allah ya raya yaran, ya sanyaya miki zuciya.

Maganar munafunci ki ajiye ta tun yanzu. Munafuki barcinsa yake sha har da minshari. Wanda abu ya hana shi runtsawa ba ya cikinsu. Abin da ya same ki shi ne kin sunkuci kayan wasu kin ɗora a ka, naki kuma da ke ajiye a gabanki kin tsallake shi.

Tunda malama ce ke, mu fara da lissafi. Hayaƙin da ke ɗumama duniya, wanda ke fitowa daga ƙona fetur da gas da kwal, in aka raba na Nijar a kan kowane ɗan ƙasa, abin da ke faɗa wa mutum guda a shekara wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ne. Na Ba'amurke guda kuwa wajen tan 14. Afirka kakaf, da Masar da Najeriya da Afirka ta Kudu a ciki, rabonta wajen kashi 4 ne cikin 100 na duniya. Waɗannan bidiyoyi da kike kallo da tsakar dare galibinsu don masu mota biyu a gida aka yi su, masu hawa jirgin sama su tafi shaƙatawa. Su ake roƙo su rage. Ke da kike matsuwa a faba-faba ki je aiki, ko kin daina hura wuta har abada, zafin watan Afrilu ba zai san an yi ba.

Sai dai kada ki ce Gwaggo ta wanke mu tas. Akwai ɓarnar da tamu ce, da hannunmu muke yinta, a kanmu kuma take sauka. Manyan motocin itace da ke shigowa Yamai ba daga Amurka suke ɗauko shi ba. Shingen itatuwan da aka fara dasawa a gefen birnin nan a 1965, galibinsa dogon yaro, mai tsawon wajen kilomita 25, yau gine-gine da juji sun cinye babban ɓangarensa. Inda aka sare daji, ruwan sama ba ya tsayawa ya shiga ƙasa, sai ya kwashi rairayi ta koramu ya zuba a kogin Isa. Cikin kogi ya cike, damina ta zo ruwa ya rasa wurin zama ya nufi gidajen mutane, kamar yadda unguwannin Lamorde da Saga suka gani a 2020. Leda ta toshe lambatu, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gidan haihuwa. Wannan kam namu ne. Amma ko shi ɗin ki auna shi da hankali: tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita a ƙasar nan, ga shi har gobe in kika sayi tumatirin dala ashirin a Katako ko Wadata a leda za a ƙulla miki. Abin da ya gagari hukuma fiye da shekara goma, ba ke kaɗai za ki gama da shi daga madafarki ba.

Itatuwanki uku da suka tafi, Allah ya ba da lada, kuma ba da wasa na faɗa ba. Ya tabbata a hadisi cewa duk musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Awakin unguwarku dai dabbobi ne. Ki kuma sani ba ke kaɗai ba ce. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa tare da bikin ƴancin kai. Da duk abin da aka dasa a wannan rana ya rayu, da daga Yamai zuwa Agadas a inuwa ake tafiya. Dasawa aikin safiya ɗaya ne, da kyamara da tafi. Raino kuwa sai an ƙetare rani biyu, kuma a nan ake watsewa.

Abin da ya mayar wa kudancin ƙasar nan da itatuwansa ma ba dashe ba ne. A farkon shekarun 1980 akwai wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi. Shekara da shekaru yana dasawa, galibi suna mutuwa, rana ta ƙone wasu, iska ta binne wasu, awaki su ƙarasa sauran. Wajen 1983 ya lura cewa ƴan tsirran nan da ke fitowa a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa su ƙone kowace shekara kafin shuka, ba ciyawa ba ne. Tohon kututturan itatuwan da aka sare ne tuntuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Abin da ake buƙata wuƙa ce mai kaifi: a duba kututture, a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a yanke saura, a rage ƙananan rassan gindi, a hana dabba. Shi ne manoma ke kira sassabin zamani. Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka yarda, ana cewa ƙazaman manoma ne, sun bar gona da datti. Ga kuma dokar gandun daji ta lokacin, wadda ta mayar da itace na gwamnati ko da a gonarka ya tsiro. Wa zai yi rainon abin da in ya taɓa shi za a ci shi tara? Sai da aka sassauta wannan, mutane suka tabbatar itacen da suka raina nasu ne, sannan abin ya bazu daga gona zuwa gona. Da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, sun kiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa, wajen guda miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

To su wane ne suka yi wannan aiki? Mutanen da da itace matansu ke girki safe da yamma. Sun bar gawo da kalgo da sabara ne don iska ta daina binne musu hatsi, don bisashe su samu abin ci da rani, don mata su huta da tafiyar nesa neman itace, don a sare reshe a kai kasuwa ranar da rumbu ya yi ƙasa. Suna raino suna sara. Wani manomin ɓarawo ya bi dare ya sare masa, ya yi fushi ya bari, baɗi ya sake. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsaya jiran ranar da hannunsa zai fita tsaf daga ɓarna kafin ya fara. Da sun kafa wa kansu sharaɗin da kika kafa wa kanki, ko kututture ɗaya ba za a gyara ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, ya fi gawayin, ya fi ledar: tsakaninki da surukarki. Kin ce daga wajen Keita take. Ƴata, kin san wa kika tsaya yi wa darasi? A 1984, tsakiyar farin da mutanenmu ke kira El-Buhari, aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza da yawa sun tafi bida, mata ne suka fi yawa a filin aiki: su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a gangaren tudu don tare ruwa, suka haƙa ramuka a fako, suka dasa, ana biyansu da abinci. Can kwarin Majiya wajen Buza, tun 1975 aka fara jera dogon yaro layi bibbiyu don tare iska, da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE. A Illela da Badagishiri kuma, bayan wasu manoma sun je Yatenga a Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980 sun ga yadda ake yi, tassa ta kama: a haƙa ɗan rami a fakon da ko ciyawa ba ya fitarwa, a zuba taki, ruwa ya taru, gara ta huda ƙasa, hatsi ya fito. Har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba mai karɓa. Ko da hannunta ta yi wannan aiki ko sa'o'inta ne suka yi, a idonta aka yi shi. Ta ga tudu tsirara, ta ga ya sake yin ganye. Ke a waya kika ga naki.

Saboda haka ki je ki ba ta haƙuri, kuma ba irin haƙurin nan mai wutsiya ba, na "amma dai gaskiya na faɗa". Ki durƙusa ki ce, "Inna, na yi miki magana ba yadda ta dace ba, ki yafe ni." Shi ke nan, ki tashi. Bayan kwana biyu, in kin ga fuska ta saki, ki tambaye ta abin da da gaske ba ki sani ba. Yaya ake jiƙa anza har ɗacinta ya fita a ci, kamar yadda aka yi a shekarun yunwa? Wane itace ne ba a sara a garinsu? Me ake yi da bagaruwa, me ake yi da geza? Ki yi tambayar yaran suna zaune. Tsofaffi da aka kawo birni abin da ke cinsu shi ne ba mai neman saninsu, kowa na ganin abin da suka sani ya ƙare a ƙauye. Ranar da ta ga ana nema, sai kin gaji da ji.

Hura wuta da leda kuwa, a nan kina da gaskiya, kuma kada ki saki. Dalilin da kika kawo mata ne bai shige ta ba. Ɗumamar duniya ba ta gabanta. Ƙirjin jikokinta yana gabanta. Hayaƙin leda guba ne, wanda ya sunkuya yana fifita wutar da yaron da ke goye su suka fi shaƙa. Ki tanadi abin da zai maye gurbinta, guntayen kwali, tsofaffin takardun makaranta, kara, busasshiyar kaba, ki ajiye a kwando kusa da murhu ba tare da kin ce uffan ba. Maganar tarin yara kuma ki bar ɗanta ya yi mata, daga bakinsa za ta fi karɓa. In ta rage rabi, kin ci riba.

Na maigidanki gajere ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum ya riga ya biya kuɗin itace, raguna a rataye, maƙwabta na kallo, sannan ki ce ya yi yawa. Me kike so ya yi da shi? Gashin layya yadda ake yinsa a Yamai, a gicciye raguna a sanduna kewaye da wuta wuni guda, yana cin itace ba kaɗan ba, wannan gaskiya ne. Maganinsa kuma yana cikin al'adar kanta: gidaje su haɗa wuta ɗaya a jera raguna da yawa. Ki kawo masa wannan wata guda kafin salla, ta fuskar kuɗin da zai rage masa. Layya dai sau ɗaya ce a shekara, tukunyarki kuwa kullum tana kan wuta, can ne ragin gaske yake. Gas tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 na gida ne, in akwai shi ki yi da shi. Ranar da butalin gas ya ƙare ba hali, ki hura gawayinki ba tare da kin zagi kanki ba, yara sai sun ci tuwo. Ki dai nemi murhu mai tattalin wuta, irin Mai Sauƙi da maƙeranmu suka daɗe suna ƙerawa, ki rufe tukunya, ki jiƙa wake tun dare, ki kare wuta daga iska. Kuma don Allah lokacin sanyi kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutane.

Ruwan leda: ki riƙa cika gora daga gida. Ranar da kika manta, ki saya ki sha, ƙishin Yamai ba abin wasa ba ne. Ledar dai kada ta faɗi ƙasa. Ki sa ɗalibanki su tara, a yanke baki, a huda gindi, a cika da ƙasa da ɗan taki, kowane yaro ya sa ƙwayar zogale. Cikin mako biyu sun ga tsiro. Su kuma ki daina tsaya musu a matsayin wadda ta gama iyawa. Ki gaya musu kin dasa uku ba wanda ya rayu, ki tambaye su me suke ganin ya jawo. Za ki sha mamakin abin da ɗan mai lambu ko ƴar makiyayi da ke bencin baya za su faɗa.

Batun yaranki da daji, ba sai an yi doguwar tafiya ba. Na san kowa Kure yake ambata, kuma labarin raƙuman dawan can abin farin ciki ne: a 1996 saura 49 kacal, daga baya suka haura 600, har aka ɗebi wasu a 2018 aka kai gandun dajin Gadabeji, duk kuwa da cewa a cikin gonakin mutane suke kiwo suna cin waken manoma. Amma hanyar ba ta zuwa kai tsaye ba ce a halin tsaron da ake ciki, kada ki ɗauki yara sai kin tabbatar. Fara da tiren mai talla. Aduwa, magarya, kurna, goruba, tsamiya, ƙwallon kuka, duk ana sayarwa a ƙofar makarantarku. Ki sayo, a zube a tabarma, kaka ta faɗi uwar kowanne, inda take fitowa da abin da take magani. Da la'asar ɗin Lahadi ku gangara bakin kogi wajen lambuna, a ga balbela, a ga masunta, a ga yadda ake ban ruwan salati da yalo. Gidan tarihi na Bubu Hama ma yana da inuwa da dabbobi. Gab da damina ki sa su gasar wanda zai fara hango shamuwa. In hutun makaranta ya zo kuma da hali, ki tura su Adar tare da kakarsu, su ga gawo tsaye ba ganye a tsakiyar damina alhali komai ya yi kore, su tambayi dalilin da ya sa hatsin gindinsa ya fi na ko'ina tsawo. Ke ma ki bi su, kin ce da ƙyar kika san shi.

Wayar nan kuma bayan isha'i ki kife ta. Labarin narkewar ƙanƙara zai jira ki har safe. In kin yi haka makonni barcin bai dawo ba, ko kika ga abinci ya fita ranki, ki ga likita, wannan ya wuce maganar muhalli.

Daminar baɗi kada ki dasa uku, ki dasa ɗaya. Kafin nan ma ki duba ko akwai wanda ya riga ki zuwa: wani ɗan tsiro a bakin katanga ko a filin makaranta da awaki ke aske wa kai kullum bai mutu ba. Irinsa ya fi na gandun reno saurin tashi, don saiwarsa ta kafu, kariya kawai yake jira. In dasawa za ki yi, ki fara da kariyar kafin itacen ya iso: tsofaffin bulo a jera da ƴan tagogi don iska, ko ƙaya, ko tsohuwar ragar ƙarfe, tsawonta ya wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe a ƙafa biyu. Rami ya kai kamu ɗaya zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a dasa da ruwa ya zauna sosai. Daga watan Oktoba aikin yake farawa. Ba sai kin ƙara wa mai garuwa kuɗi ba: ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye sun isa, ban da mai omo. Ki ajiye butar alwalar gidan a gindinsa, ki kuma ba Inna riƙonsa, ita da take wuni a gida tana ganin shigar awaki da fitarsu. Dogon yaro kada ki sa shi kusa da bango ko masai, saiwarsa tana tsaga gini.

Tunda haya kuke, ki nemi izinin mai gidan kafin ki haƙa ko'ina. In ya ƙi, kada ki ja da shi. Ki huda gindin tsohon bokiti ko rabin bido ki sa zogale, in ya kai ƙugu ki tsinke kansa don ya yi rassa, cikin ƴan watanni kuna kwaɗo da ganyensa. Ranar da kuka tashi daga gidan ki ɗora abinki a kan kaya ku tafi.

Gwaggonki